Mai Tunga: Manomin Da Ya Fitar Da Iyalinsa Daga Ganuwar Argungu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya kuma leƙa ƙauyukan da ke gefen fadama, zai lura cewa da yawa daga cikinsu da kalma ɗaya sunansu yake farawa, wato Tunga. Tungar wane, Tungar wane, har mutum ya gaji da ƙirga. Abin da muke nufi da tunga shi ne ɗan mazaunin da wani magidanci ya sara a daji ya zauna da iyalinsa don noma ko su, daga baya waɗansu suka zo suka raɓu da shi. Sunan da ke biye da kalmar kuwa galibi na wanda ya fara kafa bukka ne a wurin. Littattafan tarihin Kabi cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙensu, tun daga Kanta har zuwa Sama, to amma manomi bai sami shiga ba, sai dai ƙasar da ya sassabe ta riƙe masa suna. A wannan maƙala muna so mu bi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan bayin Allah, wato kakan mahaifinmu, kamar yadda tsofaffin gidanmu suka riƙe labarinsa, mu jera shi da abin da tarihi ya tabbatar na zamaninsa. A gidanmu ba a kama sunansa na yanka saboda alkunya. Mai Tunga ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Yadda aka shiga ganuwa

Kafin a gane fitarsa, sai an san yadda aka yi iyayensa suka shiga. Kabawa ba baƙin ƙaura ba ne. Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a Surame wajen 1516, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songai. A farkon ƙarni na 18, zamanin Sarki Tomo, aka bar Surame aka koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da yaƙi daga wannan gari zuwa wancan har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Karari ya kafe a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Sai a 1849 Nabame ya dawo Argungu ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya, aka buɗe wani sabon yaƙi da ya ɗauki fiye da shekara hamsin.

Mai karatu ya lura, duk inda littafi ya ce sarki ya koma wuri kaza, ba shi kaɗai ya koma ba. Sarki ba ya cin ganuwa, dokinsa ma dawa yake ci. Kowace ƙaura a cikin waɗannan tana nufin gidaje masu yawa sun bar rumbunansu da rijiyoyinsu da kushewar iyayensu. Kakan Mai Tunga yana cikin waɗanda suka bar wani ƙauye na kusa da Birnin Kebbi bayan faɗuwar birnin, suka yi ta gararamba kafin su sami wurin zama a Argungu. Abu ɗaya da gidanmu ya riƙe na wannan tafiya shi ne, uwargidansa ta bar tukwanenta da turminta, amma ta ɗauko gora cike da irin jar shinkafa.

Shi Mai Tunga a cikin Lafiyar Toga aka haife shi. Wannan ita ce yarjejeniyar da aka ƙulla a 1867 tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, wadda ta bar wa Kabi 'yancinta, ta kuma ɗore har zuwa 1875. A nan bari mu ɗan yi ratse saboda 'yan'uwa masu sha'awar tattara irin wannan labari. Kada ka tambayi tsohuwa shekarar da aka yi abu, za ta ce maka da daɗewa, zance ya ƙare. Tambaye ta wane sarki ke kan gado, kafin yunwa ne ko bayanta, an yi fara ko ba a yi ba, wa aka haifa a wannan kakar. Da irin wannan ne muka iya ɗora rayuwar mutumin nan a kan shekaru.

Ya tashi ke nan ya tarar an koma fagen fama. Noma a wancan zamani ba irin wanda muka sani ba ne. Da damina, idan gulbi ya cika ya malale fadama, ruwa kan zama garkuwa, don doki ba ya ratsa laka. Da ruwa ya janye kuwa sai a shiga zullumi, domin rani shi ne lokacin yaƙi da hari. Manoma ba sa fita ɗai-ɗai, sai a ayari, fartanya a kafaɗa ɗaya, baka da kwari a ɗayar, a kuma ɗora wani yaro a kan itace yana duban ƙura. Wanda aka ritsa da shi a gona, in bai mutu ba, kasuwa za a kai shi. Saboda haka kowa ya matsu a gonakin da ke kusa da ganuwar Argungu da ta Augi da Gulma da Zazzagawa, aka yi ta noma su shekara da shekaru ba hutu har ƙasa ta gaji, alhali ga ƙasa mai kyau can tafiyar rabin yini, tsakanin garuruwan Kabawa da sansanonin Gwandu irin su Ambursa, ta koma dajin kura.

A 1883 Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon Kabi. Ana ba da labarin cewa garuruwa casa'in ya ƙone a yaƙe-yaƙensa, kuma har yau mukan ji ana faɗin haka da alfahari. Mu dai a ganinmu, ya kamata mai alfaharin ya tuna cewa a cikin kowane gari daga cikin casa'in ɗin nan akwai manomi irin namu, mai rumbu da mata da 'ya'ya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Talakan Gwandu da talakan Kabi wuta ɗaya ta ƙone su. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zo wa Argungu da babbar runduna, bai ci nasara ba. Mai Tunga yana saurayi a lokacin, yana cikin 'yan baka da aka jera. An ce bai cika son ba da wannan labari ba, ya fi son zancen ruwa da iri.

Lissafin ƙaura

Da Turawan Ingila suka iso, Sama bai yaƙe su ba, Sakkwato kuma ta faɗi a watan Maris na 1903. Abin da ya shafi manomi a cikin wannan al'amari shi ne hari da kamun mutane sun tsaya. Amma fa ba a wayi gari an fashe daga cikin ganuwa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ga kuma tarzomar Satiru a 1906, wadda ta nuna wa mutane cewa wuta ba ta gama mutuwa ba. Mai Tunga ya yi damina uku yana zuwa wurin da ya zaɓa shi da ƙanensa, su kwana a bukka, su yi noma, da kaka su kwaso amfanin a jakai su dawo gari. Sai da ya gwada ƙasar ya gwada zaman lafiyar, sannan ya yi zancen ɗauke iyali.

Zaɓen wurin shi ne inda hikimarsa ta fi bayyana. Bai shiga tsakiyar fadama ba, bai kuma hau can cikin tudu ba. Ya nemi gaɓar da tudu ya gangaro ya taɓa fadama, ya duba jikin itatuwa ya ga iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun da gulbi ya fi cika, ya kafa gida sama da wannan alama. Ta haka ya sami gona iri biyu. A tudu, inda ƙasa take jigawa, ya shuka gero da wake. A fadama kuwa ya watsa jar shinkafar nan da ruwan farko, kafin gulbi ya iso, don ita irin shinkafar da ke tsawo tana bin ruwa ce, yana hawa tana hawa, a yanke ta bayan ya janye, wani lokaci ma a cikin jirgi. Dalilin raba ƙafar a fili yake. Gero da ruwan saman da ya sauka a kansa yake rayuwa. Ruwan fadama kuwa daga nesa yake zuwa, daga ƙasar Zamfara da Katsina da Maraɗi, ta Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi waɗanda ke zuba a Rima, da kuma Gulbin Sakkwato da ke haɗuwa da ita kusa da birnin Sakkwato. Shekarar da damina ta yi gardama a nan, mai yiwuwa ta yi kyau a can, shinkafa ta fid da gida. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya nutsar da shinkafa, gero yana tudu. Da rani kuma, bayan Sarkin Ruwa ya yi fashin ruwa, kowane Bakabe ya ɗauki homa da gorarsa ya faɗa su. Gero, shinkafa, kifi: duwatsun murhu uku ke nan da ya ɗora tukunyar gidansa a kai.

Ƙasa a lokacin ba saye ake yi ba. Ya je gaban hakimin da wurin ke hannunsa da gaisuwar dami, ya faɗi buƙatarsa, aka haɗa shi da wakili ya nuna inda zai sara. Al'ada ita ce wanda ya sassabe daji shi ke da gona, ya ci, 'ya'yansa su gada. Iyaka kuwa da itace ake yin ta. In ana sassabe akan bar tsamiya ko gawo ko giginya a kusurwa, a dasa gamba a tsakani.

Bayan kaka aka tashi, lokacin da hatsi ke hannu kuma akwai sauran watanni kafin ruwa. Rumbu aka fara ginawa, sannan rijiya, ɗakunan kwana su ne na ƙarshe, su ma na kara da zana. Amma wuyar ba a ginin take ba, a cikin gida take. Mahaifiyarsa ta ce ba inda za ta, ba za ta bar garin da aka binne mijinta ta je ta mutu inda ba mai yi mata sutura ba. Ƙanen da suka yi noman gwaji tare ya goyi bayanta, ya zauna a gari. Gandun mahaifinsu ya rabu biyu tun a nan. Mai Tunga ya fita da matansa biyu da 'ya'ya ƙanana da wani ɗan ƙanwarsa.

Idan ana yabon masu kafa tunga, ba a cika tuna matansu ba, alhali su suka fi ɗanɗana kuɗarta. A gari akwai maƙwabta da kasuwa da ungozoma da wanzami. A tunga ba ko ɗaya. Su ne daka, su ne ɗiban ruwa da itace, su ne korar janbaki daga shinkafa, dare kuma ya yi kura ta zo tana zagaya danga. A daminar farko zazzaɓi ya ɗauke musu yaro ɗaya, aka rasa malamin da zai yi masa salla, sai uban da ɗan ƙanwarsa suka yi. Wannan kushewa ita ce farkon maƙabartar tungar. An ce bayan wannan rashi ne uwargida ta ce ko a koma gari ko a nemo mutane.

Neman mutane kuwa shi ne ainihin aikin mai tunga, don tungar da ta tsaya gida ɗaya kufai take zama. Ya ba wani almajiri fili da alkawarin zakkar hatsi don ya zauna ya yi limanci ya koyar da yara. Ya jawo maƙeri, saboda tafiya gari gyaran fartanya a tsakiyar noma asarar yini ce. Ya shirya da wani Bafulatani ya riƙa sauke shanunsa a gonar tudu da rani, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar hatsi da nono. Mai karatu ya duba, wannan mutum ne da ya ja baka a 1892.

Sauran baƙin siyasar Turawa ce ta koro su. Tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyakar Ingila da Faransa, ƙasashen Dogon Dutsi da Dosso, waɗanda suka yi shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Argungu, suka tabbata a hannun Faransa. Can kuwa akwai aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, ga haraji mai nauyi. Mutane suka riƙa sulalowa da dare. A 1931, da fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar aka yi yunwa, waɗansu suka ƙaru. Shi ya sa za ka tarar da ƙaramar tunga amma da gidan Arawa da na Zabarmawa a cikinta, an yi auratayya an cakuɗe. A wannan ɓangaren ma ba a tsira daga haraji ba. Turawa sun ce da tsabar kuɗinsu za a biya, ba da wuri ko dami ba, don haka dole a kai shinkafa kasuwa da kaka, lokacin da ta fi araha. Shi Mai Tunga aka ɗora wa tara kuɗin mutanensa ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa, in wani ya gudu kuma shi za a tambaya.

Rumbun da aka liƙe

Babbar jarrabawa ta zo masa a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake kira Ƙaƙalaba. A wannan karon lissafinsa bai fid da shi ba, domin farin ya game ƙasa gaba ɗaya. Gero ya ƙone a tudu, gulbi kuma bai kawo ruwan kirki ba. Mutanen tunga suka koma cin bado da muruci da ƙwallon goruba da tafasa, da ɗan kifin da ya rage a tafkuna.

Akwai wani ƙaramin rumbu da ya zuba zangarniyar gero zaɓaɓɓiya da shinkafar iri, ya liƙe bakinsa da laka, ya kuma mai da shimfiɗarsa gindinsa. Matansa suka yi magana, ya ƙi. Ƙanensa ya taso daga Argungu ya ce tsohuwa tana cikin wani hali. Mai Tunga ya sayar da jakinsa ya ba shi kuɗin, ya ce a kawo masa ita ya riƙe, amma rumbu bai buɗe ba. Ƙanen ya koma cikin fushi. Tsohuwar da ta rantse ba za ta bar gari ba, a ƙarshe a tungar ta ƙarasa kwanakinta, amma 'yan'uwan biyu sun yi shekaru ba sa ga maciji.

Har yau zuriyar gidajen biyu ba su daidaita a kan wannan magana ba. Na gari suna cewa rowa ce da taurin zuciya, wane irin ɗa ne zai kwana a gindin hatsi uwarsa tana jin yunwa? Na tunga suna cewa da ruwa ya sauka a damina ta gaba, gidaje da yawa a yankin sun riga sun cinye irinsu, gona a share amma ba abin sa wa a rami, daga wannan rumbu aka auna wa kowa a ƙwarya, bashi zuwa kaka, har da gidan ƙanen. Mu jikokin tunga ne, don haka ba a rasa gane inda muka karkata. Duk da haka ba mu ga laifin ƙanen ba. Abin da ke cikin rumbun nan bai wuce abincin 'yan makonni ba in aka ci, amma wanda ya baro uwa kwance ba ya jin wannan lissafi.

Mai Tunga ya ga murar nan mai kisa ta 1918, ya ga fara, ya kuma kai 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa, abin da ya zama tushen bikin kamun kifin da duniya ta san garin da shi. An ɗora tsohon a jaki an kai shi kallo. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Manyan 'ya'yansa suka raba gandu, ɗaya daga cikinsu ya ga fili ya yi kaɗan, ya ɗauki iyalinsa ya gangara gaba ya sari tasa tungar.

Fadamar da ya yi wa lissafi ta sauya. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun sa cikar gulbi ta daina bin tsarin da tsofaffi suka sani. Jar shinkafa ta ja baya, irin zamani da injin ban-ruwa da noman rani suka shigo. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin gwamnatin tarayya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Ƙasar da aka samu da gaisuwar dami ɗaya ta zama abin saye da maƙudan kuɗi, rigingimun iyaka suka yawaita. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamnan jiha, amma mafi yawan gonakin tunga ba su da takarda. Idan rigima ta kai gaban hakimi ko alƙali, tambayar farko ita ce wa ya sassabe wurin, wa ya ba shi, ina ya bar alama, sai a aika a kira tsoho mafi shekaru ya faɗi abin da ya ji daga iyayensa. A tungarmu waɗanda suka ji labarin daga bakin 'ya'yan Mai Tunga ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Daga cikin itatuwan da ya bari a kusurwoyin gonar tudu, giginyoyin an sare su an yi azara, gawon ya faɗi, saura tsamiya ɗaya ta gabas.